Shaidar Babban Yatsa

Danshi ne ya fara tarbata a Jidda. Ina fitowa daga filin jirgi gilashin idona ya yi fari fat, na tsaya ina laluben hanya da jaka a hannu, kafin in kai bakin titi rigata ta manne mini a baya. Ni mutumin Zariya ne, na san zafi, amma namu busasshe ne, ka yi wanki ka shanya kafin ka idar da salla ya bushe. Na Jidda kuwa jiƙa mutum yake yi. A lokacin ban san danshin nan ne zai jawo mahaifina cikin aikin da na zo yi ba.

Direban da kamfani ya yi alkawarin aikowa bai zo ba. Wani mai tasi ya ga baƙo, ya kwashe ni ya yi ta zaga gari da ni. Na ga wani shataletale sau biyu, amma ba ni da Larabcin yin gardama. A ƙarshe ya sauke ni a Balad, tsohon gari, a ƙofar wani masauki mai warin kifi da turare. Sati uku na yi a ɗakin nan. Tagarsa na kallon wani tsohon gida na farin dutse da ya karkata, an tokare shi da katako. Duk safiya idan na buɗe tagar sai mahaifina ya faɗo mini a rai.

Sunana Nafi'u Ilu. Ilun mahaifina ne, Ilu Magini, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana gina zauruka da soraye da tubalin ƙasa a cikin birni. Bai yi boko ba. Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kiran sunana da bakinsa ba. Ina ƙarami "kai wannan" nake, da na shiga jami'a na koma "Injiniya", rabi girmamawa rabi zolaya. Siminti ya kashe masa sana'a yana ji yana gani. Zauren da ya fi alfahari da shi, magadan mai gidan suka rushe shi suka jera shaguna. Ranar ya je ya tsaya a tsallaken titi har aka gama, ya dawo gida bai taɓa abinci ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Shi ke nan, yanzu babu inda za a nuna a ce Ilu ne ya yi." Da wannan maganar a zuciyata na zo Jidda.

Ofishin kamfanin yana Bagdadiyya, ɗakin gwajinsu kuwa can bayan gari, cikin masana'antu. Aikin da aka ɗauke ni in yi, idan na faɗa wa mutane dariya suke yi, wai kwaikwayon katantanwa. Ka ɗauki ƙwanson katantanwar teku ka duba cikinsa, wurin nan mai sheƙi. Kusan dukkansa alli ne, irin wanda yaro zai karya da yatsu biyu, amma ƙwanson sai ka sa guduma. Idan ka saka shi a na'urar da ke ƙara girman abu, sai ka ga ashe gini ne. Ƙananan tubala ne masu faɗi, an jera su sahu-sahu, an liƙe tsakaninsu da wani ɗan danƙo. Idan tsaga ta kama, ba ta samun miƙaƙƙiyar hanya, sai ta yi ta kewaye tubali bayan tubali har ta gaji ta tsaya. Mu kuma muna so mu yi irinsa da hannunmu. Tubalinmu ɓarɓashin yumɓu ne, siririn da sai ka tsaga silin gashi sau dubbai kafin ka kai kaurinsa. Mukan dama shi da danƙo a ruwa, mu zuba a farantin gilashi, mu bari ya sha iska, mu ƙara wani sahu a kai, har ya yi kaurin kwali. Burin kamfanin shi ne abu mara nauyi mai taurin kai, da za a lulluɓe bututu da jikin jiragen ruwa da shi.

Da na bayyana wa Baba wannan a waya, sai ya ce, "Wato dai gini ka je yi."

Na ce, "Gini ne, Baba, amma tubalinsa ido ba ya gani."

"To ka more. Babu mai cewa katangarka ta karkace."

Shugaban sashenmu sunansa Duktur Munir, mutum mai fara'a da ƙamshin turare, ba ya ɗaga murya ko da zai yanka ka. Ranar da iƙamata ta fito, wato katin zama, na ga a gurbin sana'a ba a rubuta injiniya ba, an rubuta mataimaki. Na kai masa. Ya dafa kafaɗata ya ce takarda ce kawai, za a gyara. Har yau da nake wannan rubutu ba a gyara ba.

A wurin nan na haɗu da Ammu Bakur. Shi ke shara da dafa shayi, dattijo ne dogo mai furfura, na ɗauka Balarabe ne baƙi. Wata rana faranti ya suɓuce mini ya fashe, na ce, "Kai, Allah wadaran wannan aiki!" Sai na ji daga bayana an ce, "A'a, ya waladi, ɗana, kar ka tsine wa abincinka." Na juya a firgice. Ashe a Jidda aka haife shi, kakansa ne ya zo hajji da ƙafa daga ƙasar Katsina bai koma ba. Bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma ya san sunan ƙauyensu da sunan rijiyar ƙofar gidansu. Da ya ji inda nake kwana ya kama baki.

"Balad? Haram alaik! Yalla, tattara kayanka. Akwai ɗaki a Hindawiyya, saman gidan 'yar'uwata. Halas, na gama magana."

'Yar'uwar tasa, Khala Sa'adiyya, tana sayar da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa da ake kawo mata daga gida. Ranar da na tare ta aiko mini da tuwo da miyar kuka. Na rufe ƙofa na ci ina hawaye, ƙato da ni.

Akwai wani abu da ya faru a watannin farko wanda ya kamata in faɗa, don shi ne tushen laifina. Muna cin abincin rana, aka shiga hirar iyaye. Wannan babansa likita, wancan ɗan kasuwa. Ni kuma na ciro waya na nuna musu hoton zauren Baba kafin a rushe shi. Duktur Munir ya duba, ya ce, "Da ƙasa? To idan aka yi ruwan sama fa, sai ku sake wani?" Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, har na fi su. Daga ranar na kulle bakina a kan sana'ar gidanmu.

Sai bazarar Jidda ta shigo, aiki ya tsaya cik. A cikin ɗakin gwaji, inda na'urar sanyi ke busar da iska, allunanmu sun yi tauri gwanin sha'awa. Amma ka fitar da ɗaya waje ya kwana biyu, sai ya sha danshi ya yi laushi tamkar gurasar da aka jiƙa. Injin da ke jan su don auna ƙarfi ko wahala ba ya sha. Mun sauya danƙo, mun gasa, mun shafa mai iri-iri, duk a banza. Abin da za a liƙa a jikin jirgin ruwa, ga shi ko iskar bakin teku ya kasa jurewa. Duktur Munir ya tara mu, ya ce cikin murmushi idan shekara ta ƙare babu labari za a rufe sashen. Kowa ya san ma'anar haka ga baƙo, kafili, wato mai ɗaukar nauyin zamanka a ƙasar, ya buga maka takardar fita, ka kama hanyar gida.

Wata Juma'a bayan an sauko, na kira Baba. Ban yi niyyar kai ƙara ba, amma ya ji a muryata.

"Injiniya, me ya faru? Ginin ya faɗi?"

"Danshi ke cinye shi, Baba."

Ina jin kukan awaki a bayansa. Can ya ce, "Ka yi masa makuba?"

Na kusa yin dariya. Makuba ai ɓawon ɗorawa ne, bayan an cire gari da kalwa. A daka shi, a jiƙa, ruwan ya yi ja ya yi duhu, a yi yaɓe da shi, ruwan sama ya riƙa zamewa a jikin katanga. Ina yaro na sha ɗaukar masa bokitinta, hannuna ya yi kwanaki da rini. Na buɗe baki in ce masa wannan wani irin aiki ne daban, sai karatuna ya tsayar da ni. Abin da ke sa ruwan makuba ɗaci da ja, irinsa ne majema ke jeme fata da shi, yana ɗaure abu ya hana ruwa shiga. Babu dalilin da zai hana shi ɗaure danƙonmu.

Na ce, "Baba, ya ake yi?"

"Au, yau kuma? Da can da nake koya maka ai ƙyamar warin kake yi." Ya yi dariya har da tari. "Saurara. Kar ka dama ta a cikin ƙasar ka ce ka gama, wannan aikin malalata ne. Sahu-sahu za ka bi. Ka yi sahu, ka bari ya sha iska, ka yayyafa, sannan ka ɗora na gaba."

"Ta yaya zan san lokacin yayyafawa?"

"Da yatsa mana, da me? Ka danna babban yatsanka. In ya kwaso ƙasa, da saura. In bai bar shaida ba, ka makara. In ya bar shaida kuma ya fito fes, to lokacin ne."

Khala Sa'adiyya ce ta sa aka taho mini da ƙullin ɓawon ɗorawa cikin kayanta. Mai kawo kayan ta yi ta mita, wai ta ga masu aiken kilishi da masu aiken yaji, ba ta taɓa ganin wanda ya aika a kawo masa shara daga Najeriya ba. A saman rufin gidan muka jiƙa shi ni da Ammu Bakur. Da warin ya tashi sai ya rufe ido ya ce, "Wallahi kakana yana da wannan warin a cikin labarinsa." Na tace ruwan, na kai ɗakin gwaji a gorar ruwan sha. A can ba a taɓa komai da hannu tsirara, don haka na riƙa dannawa da safar roba idan babu kowa, ina duba agogo da sikeli, har na mai da babban yatsan Baba ya zama lambobi a takarda.

Allon farko ya fito ja-ja, launin katangar gidanmu. Na ajiye shi a tagar ɗakina ta Hindawiyya sati biyu, a tsakiyar danshi. Na ƙwanƙwasa shi da farce, ya amsa ƙwal. Da muka sa shi a inji, tsagar ta yi ta kewaye-kewaye kafin ya rabu, daidai yadda ƙwanson katantanwa ke yi. Duktur Munir ya rungume ni a gaban kowa. Sannan ya tambaya, "Ina ka samo wannan dabara?"

Ga dama ta zo har hannuna. Na tuna dariyar ranar nan. Na ji bakina yana cewa, "A wasu tsofaffin takardun bincike na karanta." Ammu Bakur yana tsaye da tiren shayi, ya dube ni, ya ajiye kofuna ya fita.

Da yamma na kira Baba na ba shi labari. Murna ta ɗebe ni, ko kuma kunyar abin da na yi ce, na ce masa, "Baba, za a yi wa aikin nan rajista a hukuma, takarda za ta fito. Na yi maka alkawari sunanka zai shiga. Wannan ba mai rushe shi ya yi shaguna."

Ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Daga baya ƙanwata ta gaya mini har majalisarsu ta ƙofar masallaci ya kai labarin, wai makubarsa ta haye teku.

Takardar ta ɗauki lokaci mai tsawo kafin ta fito. Wata safiya na shigo na tarar an sa ta a gilashi an rataye a ɗakin karɓar baƙi. Gida biyu aka raba ta, dama Larabci, hagu Turanci. Na bi Turancin da ido. Sunaye biyu ne, Duktur Munir da wani surukin mai kamfanin wanda ban taɓa ganin ya sa farar rigar ɗakin gwaji ba. Babu Ilu. Babu Nafi'u.

Na shiga ofishin Duktur Munir. Ya saurare ni har na gama, ya miƙo mini dabino.

"Ya Nafi'u, mataimaki ba ya shiga irin wannan takarda, dubi iƙamarka. Batun mahaifinka kuma yau na fara ji. Kai da bakinka ka ce a takardu ka karanta. Ko ba haka ka ce ba?"

Haka na ce. Na fito da dabinon a hannu, ban san ma na karɓa ba. In yi rigima, kafili ya sallame ni, ga ƙanne a makaranta, ga Baba da ciwon ƙafa. Na haɗiye. Da Baba ya tambaya ko takarda ta fito, na ce ta fito. Ya ce da sunan? Na ce da sunan. Na yi lissafin cewa tsakanin Zariya da bangon nan akwai teku, ƙaryata ba za ta taɓa haɗuwa da shi ba.

A shekarata ta huɗu na kawo shi umra. Da ya gama ibadarsa ya sauko Jidda ya yi kwana uku a wurina, kuma waɗannan kwanakin su ne mafi daɗin zamana a ƙasar nan. Shi da Ammu Bakur suka ƙulle kamar tare suka tashi, ɗaya na gyara wa ɗaya Hausa, ɗayan na gyara masa Larabci. Muka kai shi Balad. Mutane na ɗaukar hoton tagogi, shi kuwa ya manna fuska a katanga yana shafa dutsen. Ammu Bakur ya ce masa daga teku aka sassaro shi. Baba ya nuna katakon da aka shimfiɗa a tsakanin sahun duwatsu ya ce, "Ka gani, Injiniya? Mai taurin da mai laushin, a jere. Wanda ya gina wannan ya san aiki. Waye shi?" Babu wanda ya sani. Ya gyaɗa kai kawai.

A rana ta biyu ya ce, "To, a kai ni in ga namu ginin."

Na kawo uzuri iri-iri. Na ce ba a barin baƙi. Ammu Bakur, ban sani ba ko da gangan ya yi, ya ce, "Min gal? In ji wa? Ni ke riƙe da makulli. Gobe da safe, Duktur ba ya zuwa sai azahar."

Baba ya sa babbar rigarsa ta Juma'a. Na ɗora masa farar riga a kai, ya tsaya yana kallon kansa a gilashin ƙofa yana murmushi. Na nuna masa na'urar ƙara girma, ya leƙa ya ga tubalan a jere, ya ce, "Ikon Allah! Har da saɓa sahu." Muka zo kan teburin da farantai shida ke shan iska. A lissafina da sauran awa guda kafin a yayyafa. Na juya in ɗauko masa busasshen allo, ina juyowa na ga ya naɗe hannun riga, ya danna babban yatsansa a tsakiyar faranti na farko. Ya ɗago yatsan ya duba.

"Ya yi. Me kuke jira?"

A daidai lokacin ƙofa ta buɗe, Duktur Munir ya shigo da baƙi biyu.

"Baba, kar ka taɓa!" Tsawa na yi. Ban taɓa ɗaga masa murya ba tunda aka haife ni. Ya janye hannun da sauri ya ɓoye a bayansa, kamar yaron da aka kama a tukunyar miya.

Duktur ya tambaya da Turanci ko waye wannan. Na ce mahaifina ne, ya zo umra. A nan na tsaya. Ban ƙara da cewa shi ne mai makubar ba, alhali kalmomin suna bakina. Duktur ya ba shi hannu cikin ladabi, ya yi masa addu'ar karɓar ibada, sannan ya dubi farantin ya ce mini a hankali, "Wannan ya lalace, zubar da shi." Na ɓamɓare allon na jefa a kwandon shara, Baba yana kallo. Sauran biyar ɗin na bar su suka cika awarsu kamar yadda takarda ta ce. Washegari duk suka fito da ɓawo, ranar iska ta fi bushewa, na makara.

Muna fita ta ɗakin baƙi ya ce, "Ina takardar?"

Na kai shi gabanta. Na ɗora yatsa a ɓangaren Turanci, a kan sunan surukin mai kamfani, na ce, "Ga shi nan, Baba."

Ya ciro tabaransa ya matsa kusa. Ya daɗe a tsaye, laɓɓansa na motsi. Na ɗauka addu'a yake yi, har na ji sanyi a raina cewa na tsallake. Ya cire tabarau ya ninke, ya ce, "Masha Allah." A mota ya juya fuskarsa ga taga, na ce gajiya ce.

Washegari da hantsi na raka shi filin jirgi. Muna zaune muna jiran a kira su, jarkar zamzam a tsakanin ƙafafunsa, yana kallon gabansa ya ce, "Injiniya."

"Na'am, Baba."

"Takardar nan ta jiya. Na karanta ta."

Shekara da shekaru ina ganin mutumin nan yana rubuta awon gini da ajami a bayan takardar siminti, yana karanta wasiƙun maƙwabta. Amma da yake bai yi boko ba, ni da digirorina na ajiye shi a sahun waɗanda ba su iya karatu ba. Ni kaina ban taɓa ɗaga ido na dubi ɓangaren Larabcin ba. Shi kuwa can idonsa ya tafi.

"Daga sama har ƙasa, sau biyu," in ji shi. "Na ce ko idona ne."

"Baba, ka yi haƙuri, ni ne na..."

Ya ɗaga hannu. "Nawa bai dame ni ba. Magini ai ba ya kwana a gidan da ya gina. Naka na nema. Ban taɓa kiransa da bakina ba, amma na san yadda ake rubuta shi, ni na rubuta wa liman shi ranar suna. Da na gan shi, ai na ga nawa, tunda a bayan naka yake." Ya juyo ya dube ni. "Shekara huɗu kana nan kai kaɗai, ashe haka suke yi maka, ba ka faɗa ba?"

Na so ya zage ni. Da ya zage ni da na samu abin riƙewa. Na durƙusa a gabansa a tsakiyar mutane ina kuka, na gaya masa duka, har dariyar da na yi a kan zaurensa da ƙaryar tsofaffin takardu. Ya saurara, ya dafa kaina ya ce, "Tashi, mutane na kallo. Ka dai riƙa duba aikinka da yatsa, agogo bai san iska ba." Aka kira jirginsu. Na ɗaukar masa jarkar har inda aka tsayar da ni.

Damina ba ta ƙare a gida ba ya rasu. Ina tsaye a kan farantai da safe ƙanwata ta kira. Kafin in gama cike takardar neman izinin fita an kai shi, an dawo. A Hindawiyya aka yi mini zaman makoki. Khala Sa'adiyya ta shimfiɗa tabarmi, mutanen unguwa da suka san shi kwana uku kacal suka yi ta shigowa suna ba da labarinsa kamar sun shekara da shi.

A rana ta uku, bayan mutane sun ragu, Ammu Bakur ya zauna kusa da ni ya ciro wani abu daga aljihu, naɗe a cikin hankici.

"Ya waladi, ni mai shara ne. Abin da kuka zubar ni nake gani. Wannan ban iya zubarwa ba."

Allon ne, ja-ja, bai fi tafin hannu ba, gefensa ɗaya ya gutsure. Ya ce ranar da ya tsince shi ya ɗiba daga gorata ta makuba ya yayyafa masa, tunda ya ji mai abin ya ce ya yi. Watanni yana aljihunsa cikin gumi da danshin Jidda, amma na ƙwanƙwasa ya amsa ƙwal. A tsakiyarsa ga shaidar babban yatsa, kowane zane ya fito, har da tabon da wuƙar sassaƙa ta yi masa tun kafin a haife ni.

Takardar tana nan a bangonta, kullum ta gabanta nake wucewa. Allon kuma yana aljihun gaban rigata. Wani lokaci idan ɗakin gwaji ya yi shiru nakan ciro shi, in cire safar roba, in ɗora babban yatsana a cikin gurbin. Nawa bai cika shi ba.